Sabar aika imel da na kama haya: ashe lambar da aka ba ni tana da tsohon laifi

Wata bakwai ke nan da na kama hayar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet dare da rana tana yi maka aiki, a wajen kamfanin nan da ke tallar "aika imel ba iyaka". Ba zan kama suna ba, masu wannan sana'a sun san su kuma sun san farashinsu. Tun bayan ƙaramar Sallah na so in yi wannan rubutu, amma a lokacin raina a ɓace yake, da na rubuta zagi ne zai fito.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Buga takardu, cike fom, haɗa shafukan intanet, a gefe kuma ina aika wa 'yan kasuwa saƙon talla ta imel. Babbar mai ba ni aiki wata Hajiya ce mai saida shadda da leshi da turaren wuta, masu sayen kayanta sun watsu daga Abuja zuwa Legas har Maraɗi. Da can wani dandalin waje nake biya yana aika min, ba abin da ya raba mu sai dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin wata ke cinye ribar. Shi ya sa da na ga saba mai araha na ce bari in tsaya da ƙafata.

Ita na'urar ba ni da ta cewa a kanta. Ba ta taɓa mutuwa ba, ba ta nauyi, cikin yini ɗaya na ɗora Postfix, manhajar aika imel, na saita SPF da DKIM da DMARC, wato shaidun da ke tabbatar da cewa saƙo daga gare ka ya fito. Shi ke nan abin yabon.

Ran ashirin ga azumi Hajiya ta kira ni. Sabuwar shadda ta iso, tana so saƙo ya fita kafin teloli su daina karɓar ɗinki. Duk Bakatsine ya san idan aka shiga goman ƙarshe, ko telan ƙaninka ne sai ka yi magiya. Adireshi wajen 12,000 ke gare mu. Bayan asham na dawo shago, na tada janareta, na danna aikawa. Shiru. Saƙonni sun yi layi a cikin saba, ko ɗaya bai fita ba. Sai wajen sha biyun dare na gano ƙofa ta 25, wadda sabobin imel ke magana da juna ta cikinta, a rufe take. Kamfanonin saba da yawa na rufe ta saboda masu watsa saƙonnin tarkace da ba a nema ba, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka rubuta "ba iyaka" da manyan haruffa a tallarka, ka ɓoye zancen ƙofar a can ƙasan sharuɗɗa inda ba mai lekawa.

Na shigar da koke. Kwana biyu kafin su buɗe.

Ina murna ashe ban ga komai ba. Da na sake aikawa sai saƙonni suka riƙa dawowa kamar an watsa wa kaji tsaba. Na Gmail suka dawo da lamba 550 5.7.25, wato lambar IP ɗina, lambar da ake gane sabata da ita a intanet, ba ta da rajistar PTR, wadda ke nuna sunan da ke bayan lambar. Wannan rajista kuwa ba ni ke sa ta ba, mai lambar ne. Na Hotmail da Outlook suka dawo da abin da ya fi muni: an toshe lambar saboda tana cikin kundin Spamhaus, ƙungiyar da ke tara lambobin masu watsa tarkace. Ni da ban taɓa aika ko gaisuwa da ita ba! Wanda ya riƙe ta kafin ni ne ya yi ɓarnarsa ya tafi, su kuma suka miƙo min ita haka nan ba wanki. Tamkar ka kama shago, ka share, ka jera kaya, washegari 'yan wuta su zo da tsani su yanke maka waya saboda bashin tsohon ɗan haya. Irin jerin da lambar ta faɗa kuma, kamfanin da ke da lambar ne kaɗai ke iya neman a cire ta. Hannuna a ɗaure.

Hajiya ta kira bayan shan ruwa. "Ɗan nan, ina saƙon? Ko 'yata da ke Abuja ta ce ba ta ga komai ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, matsala ce daga sama, ana gyarawa."

Ta ce, "Shadda dai ba ta jiran gyara. Allah ya kyauta."

Wannan "Allah ya kyauta" ya fi min zagi ciwo.

Sai ran ashirin da shida aka haɗa ni da wani ma'aikacinsu da ya san aikinsa. Bawan Allah nan ya canza min lamba, ya sa PTR cikin minti kaɗan, har ya ja min kunne kada in zuba 12,000 rana guda a kan sabuwar lamba. Ya ce in ɗumama ta, in fara da ɗaruruwa, in riƙa ƙarawa a hankali har manyan akwatunan imel irin su Gmail su saba da ita. Gaskiya ya faɗa. Amma ɗumama lamba aikin makonni ne, ni kuma kwana huɗu suka rage min. Na zaɓi mutum 600 da suka fi sayen kaya na aika musu, sauran kuma ƙanina ya kwana yana bin waɗanda muke da lambarsu ta WhatsApp.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Jerin namu ma ba tsaf yake ba. Wasu adireshin daga littafin shagon Hajiya aka kwafo, rubutun hannu, an juya haruffa. Wajen 2,000 kuma wani ne ya sayar min a faifai, na zuba don jerin ya yi kauri. Wauta ce. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa. A Gmail, idan kana aika kusan 5,000 a rana, dole ka cika SPF da DKIM da DMARC, ka sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, masu kai ƙararka kuma kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku a dubu. Microsoft ma ta bi sahu a watan Mayun 2025. Ga dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 a gefe. Wanda bai taɓa jin sunan Hajiya ba, me zai hana shi jefa saƙonta kwandon tarkace? Na goge jerin sayen gaba ɗaya.

Saboda haka da na zauna rubutun nan niyyata in ba kamfanin tauraro uku a ma'aunin yabo, albarkacin wancan ma'aikaci da kuma nawa ganganci. Amma yanzu da na buɗe tsoffin rasitai sai na tuna. Sabuwar lambar da aka ba ni, ashe kuɗinta aka ɗora min a matsayin "ƙarin lamba", ana cira duk wata, alhali tsohuwar mai baƙin jini tana nan liƙe da asusuna ina biyan hayarta ita ma. Na yi koke sau uku. Amsa ɗaya ake maimaita min, wai ba sa ba da tabbacin tsabtar lamba. To a tallar ina aka rubuta haka? Tauraro ɗaya, shi ma na wancan bawan Allah ne.

Yanzu shafin shagon Hajiya kawai na bari a kan sabar. Saƙonninta na mayar da su wajen masu aikawa da ake biya gwargwadon adadi, jerin ya ragu ya koma ƙasa da 7,000, kuma Postmaster Tools, shafin Google na duba yadda ake karɓar saƙonninka, na nuna min ƙorafi ƙasa-ƙasa. Shaddar da ta yi kwantai sai a babbar Sallah ta ƙare. Kokena na huɗu kuwa yau kwanansa goma sha ɗaya, har yanzu an rubuta "ana dubawa".