Matakalar katako ko ta kankare: wacce za a zaɓa a tsohon gida?

Masu sayen tsofaffin gidajen bene na zamanin haƙar kuza a Rayfield da Bukuru da ke yankin Jos sun sha tambayata: a gyara matakalar katako, ko a rushe a zuba ta kankare?

Ta fuskar kuɗi, gyara ya fi sauƙi, muddin gara ba ta ci ƙashin matakalar ba. Kafinta zai canza allunan da suka ruɓe, ya goge, ya shafa mai. Kankare kuwa sai rodi, siminti, tayil da birkila, ga ƙura ta cika gida, ga nauyin da tsohon gini ba lallai ya ɗauka ba.

Inda katako ke wahalarwa shi ne kulawa. Damina ta kumbura shi, hunturun Jos ya busar da shi har ya tsage, matakala ta riƙa ƙara da dare. Sai an riƙa sa maganin gara akai-akai. Amma fa tsohon madaci ko loko irin na da, da wuya ka samu kamarsa a kasuwar katako yanzu, kuma ba ya ɗaukar sanyi kamar tayil da asuba.

Haɗari? Katako na cin wuta, tayil na santsi idan ya jiƙe.

Mai ƙaramin iyali da ke da halin kulawa, ya riƙe katakonsa. Gidan haya ko mai yara da yawa, kankare ya fi masa, bayan injiniya ya duba ginin.