QLED, OLED ko LED: wace talabijin ta dace da falon Kaduna?

In ka shiga shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, za a jera maka talabijin uku, girmansu ɗaya, amma kuɗin kowace daban. Kafin ka taya, ka san abin da ke bayan gilashin.

QLED dai talabijin ce ta LED, wato mai ƙananan fitilu da ke haska allon ta baya, da aka ƙara wa wata siririyar shimfiɗa mai ɗauke da ƙwayoyin kwantum dot. Faɗin kowace ƙwaya nanomita 2 zuwa 10 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Shuɗiyar fitila ke haska su ta baya, ƙananan su ba da kore, manyan su ba da ja. Tunda girma ke yanke launi, haɗa su sai gwani: ana tsarta sinadaran cikin wani ruwa mai tsananin zafi, ƙwayoyin su tsiro a lokaci guda, sannan a riƙa daidaita zafin har su kai girman da ake so. Moungi Bawendi ne ya fito da wannan dabara a 1993, kuma shi da Louis Brus da Alexei Ekimov suka ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

Ribar mai saye ita ce haske da launi mai kauri. Falon da rana ke shigowa ta taga, ko gidan kallon ƙwallo, ni QLED zan kai.

OLED ba ta da fitila a baya, kowane ɗigo shi ke haska kansa, don haka baƙinta baƙi ne ƙirin. Kyau kam ba a magana, musamman da dare. Sai dai ga tsada, kuma gidan da ake barin tasha ɗaya daga safe har dare, tambarin tashar na iya barin tabo a allon. LED zalla kuwa ta wadatar a ɗakin yara.

Inda ake yin kitso da ƙwarƙwata shi ne harafin Q ɗin nan. Rubuta shi a kwali ba wuya, kuma QLED mai arha da fitilunta ke gefe kawai ba lallai ta fi LED mai kyau ba. Ka ce wa mai shago: "Alhaji, a cire mana bidiyon tallan nan, a sa fim mai duhu." In baƙin ya koma toka-toka, ko haske na tsiyaya daga kusurwa, ka wuce. Ka kuma matsa gefe ka kalla, don ba kowa ke samun kujerar tsakiya ba.

Mai sola ya juya bayan talabijin ɗin ya karanta wat nawa take ci, haske ba kyauta ba ne. Ka ware kuɗin sitabilaiza tun a shago, kuma a rubuta maka lambar samfurin da wa'adin garanti a rasit.