BMW E46 ta Titi da ta Fili: Man Birki, Fad da Taya, Wanne Za Ka Saya?

Duk wanda ya mallaki tsohuwar BMW 330i, abin da ya fara shiga ransa salansa ce. A sa mai rugugi, a taɓa kwamfutar inji, a ce an ƙara mata doki. Ba gori nake yi ba, ni ma ta nan na fara. Sai dai motar nan, ƙirar E46 da aka yi daga 1998 zuwa 2006, injinta na M54 mai silinda 6 da lita 3.0 ya baro Jamus da ƙarfin doki 231. Wannan ya ishi wanda bai taɓa shiga filin tsere ba, har ya yi masa yawa. Abin da ke gazawa a motar da ta haura shekara 20 shi ne abin da zai tsayar da ita.

Na koyi haka ne a wani fili da aka rufe aka jera robobin alama. Zagaye biyar lafiya lau. A na shida na taho kwana da gudu, na taka birki, feda ta nutse kamar na taka burodi. Na ɗaga na sake takawa, na sake, sannan ta ɗan kama. Allah Ya taimaka babu komai a gaba sai ciyawa. Da muka buɗe kofin man birki, man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana a buta, kuma ni da bakanikena babu wanda ya san shekarar da aka zuba shi.

To, man birki ne farkon saye, kuma shi ne mafi araha a duk abin da zan ambata. Man nan yana shan danshin iska a hankali, ruwan da ya sha kuwa yana sauko da zafin da yake tafasa. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuma matsuwa yake yi, shi ya sa feda ke tafiya ƙasa. Saboda haka ake rubuta lamba biyu a jikin gwangwani: zafin tafasarsa yana sabo, da zafin tafasarsa bayan ya sha ruwa. Man birki aji-aji ne, ana rubuta ajin da haruffan DOT da lamba. Mafi ƙarancin da ƙa'ida ta yarda wa DOT 3 shi ne digiri 205 da 140 a ma'aunin Salshiyas. DOT 4, wanda BMW ta tanadar wa motar, 230 da 155. DOT 5.1 kuma 260 da 180. Kada lamba ta ruɗe ka ka ɗauko DOT 5 zalla. Wannan na siliki ne, ba ya gauraya da sauran, kuma ba a sa shi a mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki.

A cikin DOT 4 ɗin akwai na manya. ATE Typ 200 yana tafasa a 280 yana sabo, 198 idan ya jiƙe. Motul RBF 600 ya kai 312 yana sabo, amma idan ya sha ruwa bai fi na ATE da wani abin kirki ba. Castrol SRF shi ne sarkinsu, don ko ya jiƙe yana riƙe 270, kuɗinsa kuma na sarauta ne. Ga wanda zai shiga fili sau uku ko huɗu a shekara, ya kai yara makaranta a sauran kwanakin, ATE ya wadatar, da sharaɗin a zubar da tsohon gaba ɗaya ta ƙafafu huɗu, ba a yi ciko a kai ba. BMW ta ce a canza duk shekara biyu. Mai shiga fili ya mayar da shi shekara guda, ya fi kyau bayan damina ta ɗauke. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye wata da watanni a shagon bakanike ya riga ya sha iska, kada ka yarda a zuba maka.

Sai fad, wato takalmin da ke matse faifan birki. Kafin ka saya, ka tuna yadda birkinka ya gaza. Idan feda ta yi laushi ta nutse, laifin mai ne. Idan kuwa feda na nan da tauri, kana takawa da ƙarfi mota ba ta tsayawa, ga warin ƙuna na shigowa ta taga, to fad ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka. Mutane da yawa sun kashe kuɗi a kan fad alhali ciwon na mai ne.

Fad iri uku ne a kasuwa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Na titi, irin na ATE, Textar ko Jurid, su ne masu yi wa BMW na asali: suna kamawa tun da sanyin asuba, ba sa kuka, ba sa cin faifai, amma zagaye kaɗan masu zafi sun isa su gajiyar da su. Idan ka ga alamar R90 a kwalin, ma'anarta ya cika ƙa'idar Turai da ta ce kada kamunsa ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. A ɗaya gefen akwai na tsere zalla, kamar Pagid RSL29 da Hawk DTC-60. Waɗannan sai sun yi zafi suke nuna kansu. Ka sa su ka shiga cunkoson Kano da safe, za ka ji suna ƙugi kamar tsohuwar tifa, suna gurzar faifai, ga kamun farko ba daɗi, daidai lokacin da mai adaidaita sahu ya yanko maka. Na tsakiya su ne Ferodo DS2500, EBC Yellowstuff da Hawk HP Plus. Suna aiki da sanyi, suna jure zafi daidai gwargwado, ladansu kuma baƙar ƙura a kan wili da ɗan kuka lokaci zuwa lokaci. HP Plus ya fi su surutu.

Ni na tsaya a kan DS2500, don ba ni da haƙurin kwance ƙafa kafin kowace fita. Mai haƙurin yin haka ya fi ni riba: ya ajiye na tsere a kwali, ya sa su daren da zai shiga fili, ya mayar da na titi idan ya dawo. A E46 aikin bai fi na awa guda ba ga wanda ya saba. Ko wanne ka zaɓa, kada ka shiga fili da fad ɗin da ya ci fiye da rabi, domin siririn fad yana miƙa zafi kai tsaye ga man birki. Sabon fad kuma sai an zaunar da shi: a samu hanyar da babu kowa, a sauko daga gudun kilomita 100 zuwa kamar 20 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi ta tafiya a hankali har ya huce. Tsayawa da ƙafa a kan birki yana da zafi shi ke barin tabo a faifai, daga baya sitiyari ya riƙa rawa a ce faifai ya lanƙwashe.

Faifan ba zan daɗe a kansa ba. Mai huji-huji yana da kyan gani ta cikin wili, amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: daga bakin hujin nan tsaga ke farawa idan zafi ya yi yawa. Sumul na kamfani mai suna ya fi, mai zane-zanen tsagi ma ba laifi. Mai 325i yana da hanya mai sauƙi, domin faifansa na gaba milimita 300 ne, na 330i kuma 325, ana iya ɗauko na 330i da matsensa da kanikawa ke ce wa kalifa a dasa, muddin wilin inci 17 ne. Manyan birkunan Brembo ko AP Racing ba sa rage nisan tsayawa a taku ɗaya. Aikinsu ɗaukar zafi ne a taku na ashirin. Abin da ke yanke nisan tsayawa taya ce.

A nan ne kuɗi ke tafiya, a nan kuma aka fi yin kuskure. Girman da ya fi yawa a 330i shi ne 225/45 R17. A gefen yawancin tayoyi akwai wata lamba ta jure goguwa da Amurka ta wajabta, ƙaramar lamba na nufin roba mai laushi, mai kama kwalta, mai saurin ƙarewa. Kamfanin ne da kansa ke ba tayarsa lambar, don haka ba a gwada 200 na wannan da 200 na wancan a ce daidai suke, amma tana nuna ajin taya.

Masu 300 zuwa sama, kamar Michelin Pilot Sport 5 da Goodyear Eagle F1 Asymmetric, tayoyin titi ne masu kyau ƙwarai. Suna da zurfin zane da ke korar ruwa, ba su da ƙara, kuma suna yi wa ɗan koyo wani alheri da ba a faye ambata ba: kafin su sulluɓe sai sun yi kuka sun ba ka labari. Aibinsu a fili shi ne bayan 'yan zagaye a ranar Afrilu, kwalta na tiriri, sai su yi laushi kamar man shanu, kafaɗarsu ta waje ta fara ɓarewa. Masu 200, irin Hankook Ventus RS4, Yokohama Advan A052 da Bridgestone Potenza RE-71RS, gefensu ya fi tauri, sitiyari ya fi jin magana. A cikinsu A052 da RE-71RS sun fi kamu, RS4 ta fi daɗewa da jure zafi, kuma ga mai biya daga aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu 100 ko ƙasa da haka, kamar Toyo R888R da Nankang AR-1, kusan sumul suke. Don busasshen fili aka yi su, amma ka hau R888R zuwa Zariya za ka ɗauka boris ne ya mutu saboda gunji, idan kuma ruwan Agusta ya kwanta a hanya mota za ta iya tashi a kansa kamar kwalekwale.

Shawarata ta dogara ne da yawan wilinka. Idan saiti ɗaya gare ka, sayi ta titi mai kyau ka haƙura da 'yan daƙiƙun da za ka rasa a fili. Idan za ka iya neman wili huɗu na hannu a Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo, masu huji biyar na 5x120, to ɗora musu RS4 ka ajiye su a inuwa don ranar fita. Masu 100 kuwa a bar su sai hannu ya faɗa, domin taya mai kamu tana ɓoye kuskuren direba har zuwa gudun da kuskuren ba ya gyaruwa.

Tayar Beljiyam fa? Masu wasan juya mota suna ƙona ta baya a yini guda, su kam ba wanda zai ce su sayi Michelin don su mayar da ita hayaƙi. A rufaffen fili, a ƙafar baya, ta hannu ta yi. A gaba ko a babbar hanya, a'a. Kafin ka biya kuɗin kowace taya, sabuwa ko tsohuwa, nemi lambobi huɗun da ke ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Michelin kanta ta ce a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika 5, a sauke ta idan ta kai 10 ko da zanenta na nan, a zafin ƙasarmu kuwa roba ba ta kai nan ba take bushewa. Duba harafin gudu ma: H kilomita 210 ne, V 240, W 270, Y 300.

Akwai wani bashi da taya mai kamu ke jawowa wanda mai shago ba zai gaya maka ba. E46 ta yi suna wajen tsagewar ƙarfen ƙasan but, daidai inda ƙashin ƙafafun baya ke ɗaure. Ƙarin kamu ƙarin ja ne a wurin. A ɗaga motar a haska da tocila kafin ka sayi taya mai 200, idan an ga tsaga ko da siririya ce a yi walda a sa farantan ƙarfafawa da ake sayarwa don wannan aikin. Haka kayan ruwa: tankin roba da ke gefen lagireto yakan fashe ba sallama, famfon ruwa yakan saki, injin kuma na alminiyam ne, tafasa ɗaya na iya lanƙwasa kansa. Allurar zafi ba abin dogaro ba ce, an tsara ta ta zauna a tsakiya har sai abu ya yi nisa. Idan ba ka san shekarun tankin da famfon da tamostat ba, canza su tare, kuma kada ka bari a cire tamostat a jefar da sunan wai ƙasarmu da zafi.

Shokazoba masu sauke mota har ƙasa na bar su a ƙarshe da gangan. Bilstein B6 ko Koni mai ruwan ɗorawa a kan tsayin mota na asali, da sababbin bush da alaimen mai kyau, sun fi koyiloba mai araha, wato shokazoba mai sauke mota, da za ta sa cikin motarka ya riƙa gaisawa da kowane tudun rage gudu a unguwa.

Ranar fita, tafi da abin auna iska naka na kanka, kada ka dogara da na mai faci. Auna da zarar ka fito daga zagaye taya na da zafi, don iska na hawa sosai, ka rage kaɗan kaɗan, ka tuna mayar da ita yadda takardar jikin ƙofar direba ta ce kafin ka kama hanyar gida. Zagayen ƙarshe a yi shi a hankali ba tare da taka birki sosai ba, idan an tsaya a bar mota a giya kada a ja hanbirki. Kusoshin wili kuma a ɗaure su a kan 120 Nm da sifana mai awo, a sake dubawa bayan sun huce.