Shekara uku ina fito da katako da Buffalo a Mambila

Sana'ata katako ce. Ina sayen itacen zaiti a tsaye a gonakin mutane tsakanin Nguroje da Maisamari, masu inji su sare su tsaga a nan cikin gona, ni kuma in fito da shi bakin kwalta, inda manyan motoci ke lodi su gangara Mayo Selbe su wuce Serti. Daga gona zuwa kwalta wani lokaci bai fi kilomita 8 ba, amma a 'yar tazarar nan ake cin riba ko a tafka asara. Mambila tudu ne mai tsawon wajen mita 1,600, ruwa kan sauka tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta yi nisa, kuma jar ƙasarmu in ta sha ruwa santsinta kamar an kwara karkashi. Na gaji da biyan hayar motar da za ta ce mini sai hanya ta bushe, shi ya sa na tara kuɗi na sayi tawa.

Motoci uku na auna. Tsohuwar Land Rover tana da daraja a nan, har gobe ita ke kai mutane da kaya ƙauyukan da babu kwalta, sai dai waɗanda aka nuna mini duk tsufa ya cim musu, kowace an harhaɗa ta da kayan motoci daban-daban. Hilux ta fi daɗin zama da sauri, kuma da a ce rabin aikina a kan titi yake da ita zan ɗauka. Na tsaya a kan Toyota Land Cruiser 79, akori-kurar da muke kira Buffalo, saboda abu biyu: ƙafafunta da injinta. Gaba da baya duk miƙaƙƙen aksul ne, ƙarfe guda daga taya zuwa taya, don haka in taya ɗaya ta hau kututture sai cikin motar ya ɗaga tare da ita, bai zauna a kai ba. Injin kuwa 1HZ ne, na gas, lita 4.2, silinda shida a jere, babu tabo (wato turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), famfon mansa na ƙarfe ne ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Tun 1990 ake ƙera shi, kuma duk bakaniken da ya san injin gas zai iya buɗe shi a gindin bishiya.

Ta hannu na saya, kuma ban je ni kaɗai ba. Na tafi da wani dattijon bakanike da ya fi shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Ta farko da muka gani tana sheƙi, har na fara tambayar kuɗi. Shi bai ko kalli fentin ba, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasa da tocila da sukundireba. Can sai na ji ya ce, "Alhaji, sunkuyo ka gani." Ya kankare wani baƙin fenti sabo kusa da inda sifirin baya ke kamawa, sai ga walda a jikin ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya. Na ce, "Baba, ba za ta gyaru ba?" Ya ce an riga an karya mata baya da lodi, mu tafi. Wadda muka ɗauka bodinta duk lotsawa ne, amma ya sa an bar ta ta kwana ba a tayar ba, da asuba ya kunna ta da sanyinta, ya tsaya bayanta yana kallon hayaƙi, sannan ya sa giyar taimako ya zaga fili da ita yana sauraron ƙarar gaba.

Ranar da na tabbatar kuɗina bai faɗi ba, cikin watan Agusta ne. Mun yi lodi a wata gona da ke cikin kwari, ruwa ya tsuge kafin mu gama ɗaurewa, kuma hanyar fita hawa ce mai kwana biyu. Na sauka na kulle hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, da hannu don su ma inji ya riƙa juya su, yarona ya rage iskar tayoyi har suka ɗan baje, na sa ƙaramar giya ta biyu, na ɗora ƙafa a totur ban ƙara ba ban rage ba. Tana gurnani, laka na fallatsa har gilashi, bayanta na neman zamewa gefe, amma ba ta tsaya ba sai a kan tudu. Mai gonar da ya riga ya ce mu kwana gidansa ya biyo mu a ƙafa yana ta "Masha Allahu".

Wannan ƙarfin yana da farashinsa, gara mai saye ya sani. Ba ta da sauri ko kaɗan. Injin da ba shi da tabo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska na raguwa, ga shi dama dokinta bai wuce 130 ba. Hawan dutsen Mayo Selbe da kaya sai haƙuri da idon da ba ya barin allurar zafi. In babu kaya a bayanta, sifirin na dukan ƙugu, tafiyar Jalingo kan bar ni da ciwon baya. Ba ta juyawa a ƙaramin fili, tsakanin bishiyoyi sai an yi gaba an yi baya. Ga shan mai: a cikin gona nakan ga lita 15 ta tafi a kilomita 100, kuma tun da litar gas ta haura naira 1,000 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Kulawa ita ce inda na fi koyon darasi. Duk ranar da muka shiga laka, ba ta kwana da ita. Ana wanke ƙarƙashinta, musamman gangar birki, don laka in ta bushe a ciki cinye birkin take yi, birkin hannu kuma ya daina kamawa, alhali a gangaren Mambila shi da dutsen da ake sa wa taya su ne amana. Bayan wanki sai giris a duk gaɓoɓin farfela. A daminata ta farko na tsallaka rafi sau da yawa ban duba man aksul ba. Da Baba ya kwance, sai ga shi ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙo ruwan yake ta 'yar kafar numfashinsa. Ya sa mata dogon tiyo ya ɗaure shi sama kusa da inji, tun daga nan ban sake ganin haka ba, amma boris biyu na saya kafin in gane.

Baƙin mai ina juyewa duk kilomita 5,000, bel ɗin taimin kuma a 100,000, ba na jira ya nuna alama, domin in ya tsinke inji na tafiya, bawul da fistin ne za su yi karo. Da na sayi motar ban yarda da lambar da ke kan allo ba, sai na canza shi a makon farko. Sau ɗaya na sha gas ɗin jarka a bakin hanya, fitilar ruwa ta kama kafin in kai gona. Yanzu kowace Juma'a ina zubar da ruwan da ya taru a gindin filta, kuma akwai sabuwa ɗaya kullum a bayan kujera. Da rani sai a kula da lagireto, 'ya'yan ciyawa da busasshen ganyen zaiti na toshe shi. Da sanyin Disamba kuma ina jiran fitilar hita ta mutu kafin in murɗa makulli. In na hau kwalta, abu na farko shi ne cire giyar taimako da buɗe hob, in ba haka ba gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye.

Taya ce ta fi cin kuɗina. Kututturen zaiti da aka sare a karkace yana da baki kamar gatari, gefen taya yake yagawa, kuma yagar gefe ba ta faci. Ina sa masu kauri 7.50R16, ina tafiya da safaya biyu, da jak, da guntun katako na ɗora shi, da shebur da kaca. Kayanta bai kamata ya wuce wajen tan 1 ba, ɗanyen zaiti kuwa nauyi gare shi fiye da yadda ido ke gani, don haka na hana yara cika ta har sama, gara sawu biyu.

Ga mai aikin daji da gaske, mai shiga inda babu hanya da damina, ina ba da shawararta ba tare da shakka ba. Wanda zai riƙa zirga-zirga tsakanin Gembu da Jalingo, gona kuma sai jefi-jefi, ya nemi Hilux. Ni dai kafin ruwan baɗi ina so in sa mata winci a gaba, in kuma canza ganyen sifirin baya na hagu da ya fara kwanciya.