Kunshin darussan yara na gida da na saya, karatun ya yi amma satin Ista ya ɓata min rai

Wata bakwai kenan ina amfani da wannan kunshin darussan da ake ta talla a guruf ɗin iyaye mata na WhatsApp, wanda ake turo miki PDF ki je ki buga da kanki, na 'yan shekara uku zuwa shida, mai haɗe da darussan bukukuwan Kirista. Mata da yawa sun bi ni ta gefe wai in faɗi gaskiya ko ya ci kuɗinsa, to ga abin da na gani.

Mu a watan Satumba muka tare a sabuwar unguwa can bayan Bukuru, makarantar da ta fi kusa sai an hau keke sau biyu, babban yarona shekara biyar ƙanwarsa uku, sai muka yanke da babansu in riƙe su a gida shekara ɗaya mu gani. Ɓangaren karatu kam ba ni da abin cewa. Ba sunan harafi suke fara koya wa yaro ba, sautinsa suke koya masa, sai ya riƙa haɗawa, kafin Kirsimeti yaron nan yana karanta kalmomin Turanci masu harafi uku shi kaɗai, har kwalin madara sai ya tsaya ya gwada. Ƙaramar ma ta iya riƙe fensir da kyau.

Na Disamba shi ne ya saye ni gaba ɗaya. Akwai abin da suke kira itacen Yesse, daga Ishaya 11:1 inda aka ce toho zai fito daga kututturen Yesse mahaifin Sarki Dauda, kullum labari ɗaya tun daga halitta, Nuhu, Ibrahim, Rut, Dauda, har a kai Baitalami, kowane labari da hotonsa da yaro zai shafa wa kala ya rataye. Busasshen reshen gwaiba muka samo muka kafa a gwangwani da yashi, da safe cikin sanyin Jos ɗin nan suna cikin rigunan sanyi suna rigimar wa zai rataye na yau. Ni kaina a nan na lura cewa Matiyu sura 2 bai faɗi yawan masanan da suka zo daga gabas ba, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. A lokacin har murya na tura a guruf ina cewa kowa ta saya.

To sai ga satin Ista. Saboda yardar da na riga na ba su ban duba shafukan ba, na buga na ba ƙanwata da ke zaune da mu ta yi da su, ni kullum da yamma ina coci muna gwajin waƙa na zumuntar mata. Ranar Lahadi bayan sujada aka fito da yaran Sande sukul gaba, malamarsu ta tambaya wa zai gaya mana abin da ya faru ranar Ista. Yarona ne ya fara ɗaga hannu, aka miƙa masa makirfon, ya buɗe baki da ƙarfinsa ya ce zomo ne ya kawo ƙwai masu kala ya ɓoye a ciyawa. Coci ta ɗauki dariya. Shi kuma ya tsaya yana kallona, yana jiran in tafa masa don a wurinsa ya faɗi daidai abin da aka koya masa, da ya ga mutane na dariya sai idonsa ya cika da hawaye. Wannan kallon har yau yana min ciwo.

Kuma Mama, mahaifiyar maigidana, ta zo daga ƙauye yin Ista da mu, tana zaune a gefena. Ba ta ce komai ba sai da muka kama hanyar gida ta ce, ɗiyata, wannan ne karatun da kika hana shi zuwa makaranta dominsa? Ban iya amsa mata ba.

Ina shiga gida ko ɗankwali ban cire ba na jawo fayil ɗin. Ƙirga zomaye, shafa wa ƙwai kala, ja layi ka kai zomo wurin kwandonsa, haɗa ƙwai masu zane iri ɗaya, haka har kwana biyar. Gicciye da kabari shafi ɗaya ne tak can ƙarshe, shi ma hoton shafa kala ne da aya a ƙasa, babu labari, babu tambaya, ba Lahadin ganyen dabino, ba jibin ƙarshe, ba Bitrus da carar zakara. Dan Allah wanda ya zauna ya tsara labarai sama da ashirin don Kirsimeti, me ya hana shi tsara ko guda biyar don tashin Yesu daga matattu, abin da bangaskiyarmu gaba ɗaya ta tsaya a kai? Na san zomo da ƙwai al'adar Turawa ce, su lokacin ne sanyinsu ke wucewa furanni su fito, ba na zagin al'adar kowa, amma da sunan darussan Kirista aka sayar min, kuma yaro ɗan shekara biyar abin da ya fi maimaitawa shi yake ɗauka a matsayin gaskiya. Na yarda da na duba da hakan bai faru ba, wannan nawa ne.

Da daren nan Mama ta zaunar da shi a tabarma ta ba shi labarin da Hausa, yadda matan suka yi sammako da kayan ƙanshi zuwa kabarin, sai ya katse ta ya ce to Kaka wa zai ture musu dutsen? Ta ce ai su ma abin da suka tambayi juna kenan a hanya, yana nan a Markus 16:3. Washegari da kansa ya kifa tsohuwar tukunya a tsakar gida ya jingina mata dutse.

Tun daga nan sauran abubuwan da nake ta kawar da kai suka dawo min. Lissafin kuɗi duk da sulallan Amurka ne, na senti 5 da 10 da 25, yaron da naira hamsin da ɗari yake gani in an aike shi shago. Watan Nuwamba rabinsa ya tafi a bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu, talo-talo da kabewa da jirgin ruwa, alhali mu muna da godiyar kaka a coci da doya da masara da acca, sai na tsallake kuma kuɗin bugawa ya riga ya tafi. Girman takardar ma nasu ne ba A4 ba, mai fotokofi ya buga min kashin farko gefen shafukan ya yanke, sai da na sake biya. Na yi wa mai sayarwar magana kan shafukan Ista, bayan kwana biyu ta turo min cewa ita ma haka ta same shi, ko haƙuri babu.

Da an tambaye ni a Janairu tauraro biyar zan ba shi, yanzu uku ma don karatun ne da itacen Yesse. Ɓangaren haruffa zan ci gaba da shi da ƙaramar, wannan ba zan yi ƙarya ba yana aiki. Na bukukuwa kuwa na cire shi daga fayil ɗin. Fentikos na tafe, kwana hamsin bayan Ista, na leƙa tun yanzu na ga shi ma shafi ɗaya ne, don haka Ayyukan Manzanni sura 2 zan buɗe musu da kaina, kuma na roƙi Mama ta ƙara mana sati biyu kafin ta koma.