Amsa ga Hajiya: gidan tarihi na Boubou Hama ko tablet mai fina-finan mutanen farko?

Hajiya, barka da hutun yara. Kin tambaye ni ko ki saya wa yara tablet mai fina-finan mutanen farko ko ki kai su gidan tarihi. Kuɗin da kike tunanin zubawa a kan tablet ɗin nan, ki ajiye abinki, ki kwashi yara zuwa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda mu ƴan Yamai muka fi sani da Muze.

Ni na sayi irin tablet ɗin bara, an ce mini cike yake da darussa. Kwana uku yara suka kalli labarin mutanen farko, daga nan sai wasan tsere, kafin damina ta wuce kuma batirin ya kumbura. Amfaninsa ɗaya shi ne ana iya maimaita kallo a gida.

Muze kuwa tun 1959 yake tsaye, kuma abin da ya raba shi da kowane fim shi ne kayan da ke cikinsa daga ƙasarmu aka tono su. Ranar da muka je, na zaci ƙasusuwan dinozor ne za su ɗauke hankalin ɗana mai shekara tara, musamman wanda aka gano a Gadoufaoua ta jihar Agadas, dabbar da ta rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, tun babu ɗan Adam a doron ƙasa. Ya dube su baki buɗe, amma inda ya kafe ya ƙi motsi shi ne gaban kayan dutse. Ya nuna wani dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa saboda yawan aiki, ya ce, "Baba, ai irin na Kaka ne a Tawa." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Kusa da shi akwai kawunan kibau ƙanana kamar farcen babban yatsa, da gatarin dutse mai santsi irin wanda tsofaffinmu ke kira gatarin aradu, suna cewa tsawa ce ke jefo shi. A nan na samu damar gaya masa cewa hannun mutum ne ya goge shi, a zamanin da ba a san ƙira ba.

Kafin ku je, ki ba su labarin Gobero, wani wuri a hamadar Tenere, domin shi zai sa duwatsun su yi musu magana. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, wani masani daga Amurka, yana neman ƙasusuwan dinozor a Tenere sai ya faɗa kan tsohuwar maƙabarta mai kaburbura kusan 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe. Mutanen farko da suka zauna wurin, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, masunta ne, a inda yau ba ka ganin komai sai rairayi. A wani kabari an tarar da mace da yara biyu an binne su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. Da na ba ƴaƴana wannan labari, ƴata ta tambaye ni ko uwarsu ce, kuma har muka koma gida ba ta saki hannuna ba. A cikin Muze kuma ku biya wurin Itacen Tenere, itacen da a da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, wanda wani direba ya kayar a 1973 aka kawo gangar jikinsa nan.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma wajibi ne in faɗa. Idan yara suka fito da ɗoki, za ki haɗu a gari da masu tallar kawunan kibau da mutum-mutumin yumɓu, suna rantsuwa cewa daga Bura, wani tsohon wurin tarihi a ƙasarmu, aka tono su. Yawancinsu sabbi ne aka shafa musu ƙasa su yi kama da tsofaffi, na gaskiyan kuma gadon ƙasa ne da doka ta hana cinikinsa, kuma duk wanda ya saya ya ƙara wa masu fasa kaburbura ƙarfi. In tsaraba kike so, maƙera da dukawa na nan cikin Muze suna aiki a gaban idonki.

Ku fita da sassafe kafin rana ta take, ku riƙe ruwan sha, ku fara da ɗakunan tarihi. Zakuna da dorina da ke cikin Muze ki bar su sai ƙarshe, domin idan yara suka fara ganinsu ba za su sake yarda su tsaya gaban dutse ba.