Na gwada shafin IUCN Red List da kifin hagfish da shaiɗanin Tasmaniya

Ƙanwata ce ta zo min da aikin makaranta na bayoloji, wai ta kwatanta kifin hagfish da dabba ɗaya cikin masu goyon 'ya'ya a aljihun ciki irin kangaru. Na ce mata zo mu buɗe shafin IUCN Red List a waya, kyauta ne, data kawai zai ci. Kundi ne na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, mai nuna irin barazanar ƙarewa da dabbobi da tsirrai ke ciki, tun 1964 ake tattara shi kuma gaskiya ya burge ni.

Muka fara da Myxine glutinosa, hagfish na tekun Atilantika. Shafin ya jero mana asalinsa tsaf, rukunin Chordata, aji Myxini, dangi Myxinidae, sannan ga alamar LC wato ba ya cikin wata barazana a yanzu. Halittar nan fa ba ta da muƙamuƙi, doguwa ce kamar tsutsa, in an taɓa ta sai ta saki yauƙi kamar miyar kuɓewa har ya toshe wa kifin da ya kai mata hari hanyar numfashi. A Koriya ana cinta, fatar kuma a yi walat da ita.

Sai muka koma kan shaiɗanin Tasmaniya, Sarcophilus harrisii, dabbar da muka zaɓa cikin masu goyon 'ya'ya a aljihun ciki. Shi ma Chordata ne amma daga nan suka raba hanya, shi aji Mammalia, dangi Dasyuridae, mai shayar da nono. Alamarsa EN ce, tun 2008 aka sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, kuma abin da ya taɓa min zuciya shi ne dalilin, wata kansar fuska ce da aka fara gani a 1996 wadda suke ɗauka a junansu ta hanyar cizo, ƙarin ya cika musu baki har su kasa cin abinci yunwa ta gama da su. Ƙanwata ta yi shiru ta ce Yaya ashe kansa ma ana ɗauka.

Shawarata ga mai shiga, rubuta sunan kimiyya ya fi saurin kai ka, domin hagfish kala sama da 70 ne kuma ba duka ke LC ba, akwai waɗanda kamun masunta ya sa cikin haɗari. Sannan a duba shekarar da aka yi tantancewar, tana nan a rubuce kusa da alamar. Taswirar inda kowace dabba take ma ta taimaka mana sosai, a nan ƙanwata ta fara ganin inda tsibirin Tasmaniya yake, can kudu da Ostareliya.